Takardar Asibiti da Aka Wanke da Wando

"Kar ki danna da ƙarfi," in ji Mai Sanarwa. "Za ki ƙona abin da ya rage."

Matarsa ba ta ɗago kai ba. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin guga, ta rufa mata tsohon hankici, tana bin ta da dutsen guga a hankali. Tururi na tashi, ƙamshin sabulu ya cika falon. Kwana uku ke nan da takardar ta zo daga asibiti. A wurin aiki aka miƙa masa, ya cusa a aljihun wando da niyyar karantawa in ya natsu, ya manta. Wandon ya sha jiƙo, ya sha cuɗa, ya sha matsa, sai da safen nan ta ji wani abu ya dunƙule a aljihu.

"Shekara ashirin da shida ina ce maka ka riƙa zazzage aljihunka," ta ce.

"Ke kuma shekara ashirin da shida ba ki taɓa lalubawa ba."

"Ina lalubawa mana. Ban dai taɓa samun abin arziki ba."

Ta ɗaga hankicin. Takardar ta bushe, amma tawada ta bi ruwa. Tambarin asibitin ne kawai ya fito sarai, sai 'yan layuka da suka tsira a tsakiya. Ganin tambarin ya tuna masa da abin da ya faru wata takwas baya. A asibitin da yake raka yayansa karɓar allura duk wata, wasu likitoci masu bincike sun nemi majinyata da 'yan uwansu su ba da jini. Shi bai so ba, amma Yaya ya riga ya naɗe hannun riga, nas kuma ta tsare shi da ido, sai kunya ta sa ya miƙa hannu.

Ya saka tabarau, ya karanta da muryarsa ta aiki, wadda yake sanar da tashin motoci da ita a babbar tashar bas:

"…sakamakon binciken jininka… kana ɗauke da wani nau'i na ƙwayoyin gado masu kula da garkuwar jiki… alaƙa da haɗarin kamuwa da…"

Ya tsaya. Kalmar da ta biyo baya doguwa ce, bai taɓa iya furta ta ba, amma ya san kamanninta. Ita ce a rubuce a katin asibitin Yaya. Can ƙasan takardar kuma kalmomi biyu ne suka rage, kafin wani farin fili da sabulu ya share: "…kada ka…"

"Kada na me?" ya tambaya.

"Kada ka damu mana," in ji matar.

"Ko kada ka tuƙa mota. Ko kada ka riƙe wuƙa. Ko kada ka yi nisa da gida." Ya zauna daɓas a kan kujera. "Shi ke nan. Ta same ni."

Sai ga Yaya ya fito daga ɗakin baya da kofin shayi a hannu. Shekara uku ya ba shi. Yana aji biyu a jami'a ciwon ya kama shi, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyin da babu su, yau shekara talatin da biyu. Tun rasuwar mahaifiyarsu yake zaune da su, yana gyaran fankoki da dutsen gugan maƙwabta a ɗakinsa, ba ya tsallake magani, ba ya yawan magana. Ya karɓi takardar, ya duba.

"Sikizofireniya," ya furta, ko tuntuɓe bai yi ba. Ya mayar masa. "Auta, yau ranar allura ce. Ƙarfe biyu. Kar ka makara kamar wancan watan."

Ya koma ɗakinsa. Duk duniya shi kaɗai ya rage da ke kiran mutum mai shekara hamsin da biyu Auta.

Wurin aikin Mai Sanarwa wani ɗan ɗakin gilashi ne a saman zauren jira, ana hawansa da matakalar ƙarfe. A ciki akwai tebur, jadawalin motoci, da makirufo mai jan maɓalli. Shekara goma sha tara yana zaune a nan, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne bai taɓa tura fasinja layin da ba nasa ba.

Yau kam bai zo sanarwa ba, gadin kansa ya zo. Ya juya bayan jadawali, ya rubuta "Alamomi", ya ja layi.

Ƙarfe tara saura ya ji an ce "Malam!" Ya waiga, ba kowa. Ya rubuta. Da ya leƙa ƙasa ya ga wata mata ce ke kiran mijinta, sai ya soke. Can kuma ya lura da wani dogon mutum mai jar hula yana kallon ɗakin gilashin. Ya kau da kai, ya ƙirga ashirin, ya sake dubawa. Mutumin na nan, har ma ya matso. Gumi ya karyo masa. Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Mai Tikiti ta hawo da jerin motocin rana. Tun zuwansa tashar suke aiki tare, mace ce da ba ta san kwana-kwana ba.

"Zo nan," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Kina ganin wani mai jar hula a can?"

"Ina gani."

"Kin tabbata?"

"Makullin banɗaki yake nema. Tun ɗazu na ce masa yana wajenka. Ka ba bawan Allah kafin ya yi ɓarna."

Ya miƙa mata makullin, ta jefa wa mutumin ta taga. Ya soke wannan ma. Ya danna jan maɓalli, ya sanar da motar ƙarfe goma da rabi a layi na huɗu, sannan ya juyo gare ta.

"Don Allah ki gaya mini gaskiya, ba za ki ɓoye mini ba. Kin taɓa lura da wani abu a tare da ni? Asibiti sun rubuto. Ciwon ƙwaƙwalwar yayana, sun ce yana cikin jinina." Ya karkata kai yana saurare. Idanunsa suka fito. "Kin ji ko? Ya fara. Yanzu haka ina jin wata murya daga nesa tana maimaita duk abin da na faɗa."

"Ni ma ina ji."

"Ke ma?"

"Duk tashar na ji. Maɓallinka ya maƙale."

Ya duba ƙasa. Mutum sama da ɗari biyu sun ɗaga kai suna kallon ɗakin gilashin. Masu sayar da ruwa sun tsaya, direbobi sun leƙo daga tagogi. Wata tsohuwa mai ƙullin kaya ta haɗa tafin hannu a baki ta ƙwala: "Allah ya ba da lafiya, ɗan nan! Amma motar sha ɗaya fa, wane layi?"

Zauren ya kwashe da dariya. Ya daki maɓallin sau uku kafin ya saki.

Ba a yi minti biyar ba Manaja ya hawo. Mutum ne mai shigowa ba sallama, ya zauna a gefen tebur yana ba da labarin ƙwallo. Yau bai wuce bakin ƙofa ba. Hannunsa ɗaya na kan marfin, yana murmushi mai faɗi.

"Malam, ya ƙarfin jiki?" ya ce, yana jan kowace kalma a hankali. "Ba komai. Kowa na tare da kai. Ka je gida, ka huta. Ka ji? Hu-ta-wa."

"Ranka ya daɗe, lafiyata ƙalau. Maɓallin ne."

"Na sani, na sani. Maɓallin ne." Manaja ya gyaɗa kai da sauri. "In ka samo takardar likita sai mu duba maganar dawowa. Wannan almakashin na ofis ne ko? Bari in ajiye shi a ƙasa."

Mai Sanarwa na sauka daga matakala, mutane na dare masa hanya fiye da yadda ake buƙata. Amma ba wannan ya fi tsaya masa a rai ba. Muryar Manaja ce. Ya san muryar nan sarai, mai laushi, mai jan kalma, mai amsa komai da "na sani". Da ita shi kansa yake yi wa Yaya magana.

Ƙarfe ɗaya suka hau bas zuwa asibiti. Yaya ya zauna ta taga, ya ɗora katinsa a cinya. Ya saurari labarin tashar har ƙarshe, bai yi dariya ba.

"Muryar da ka ji, daga ina take fitowa?" ya tambaya, kamar mai ɗaukar ma'aikaci.

"Daga lasifika."

"Wani ya ji ta bayan kai?"

"Kowa ya ji."

"Tana zaginka?"

"A'a. Tawa ce ai."

"To kai ba muryoyi gare ka ba, Auta. Lasifika gare ka. Ba a nan ake gyara ta ba."

"Yaya, ba wasa nake yi ba."

"Barci fa? Kana yi?"

"Ina yi."

"Na sani. Ina jin munsharinka ta bango."

Mai Sanarwa ya share fuska da hankici. Bas ta tsaya a danja, ta ci gaba. Sai abin da ke cin sa tun safe ya fito.

"Ba ni kaɗai ba ne. Ɗana shekararsa goma sha tara. Bana ya shiga jami'a. In a jinina yake, ai na riga na ba shi. Ni na sa masa da hannuna." Ya cusa hankicin a aljihu. "Ni kaina ba zan iya ba, Yaya. A ce in ƙare a ɗakin baya, ba aiki, ba aboki, baƙi su zo a ja ƙofa a rufe ni. Gara mutuwa da wannan."

Sai da maganar ta gama fita ya ji ta. Yaya ya juya kai yana kallon titi. Ya gyara katin a cinyarsa, ya daidaita gefensa da gwiwa.

Bayan an yi wa Yaya allura, Mai Sanarwa ya nace sai ya ga likitar da ke kula da binciken. Suka jira awa guda a kan benci. Likitar matashiya ce, da alama ba ta ci abincin rana ba. Ta karɓi takardar da yatsu biyu, ta shinshina.

"Baba, wannan wanke ta aka yi?"

"Har da guga," in ji Yaya.

Ta danna kwamfuta, na'ura ta fito da sabuwa. Mai Sanarwa ya fizge, idonsa ya tafi kai tsaye ƙasa. Ya karanta a fili: "Kada ka ɗauki wannan sakamako a matsayin cewa kana da ciwon, ko za ka kamu da shi."

"Matata ta kusa canka," ya ce. "Don Allah kar a gaya mata."

"Zauna in yi maka bayani, Baba," in ji likitar. "Garkuwar jiki ba yaƙi da cuta kawai take yi ba. Lokacin da yaro ke zama saurayi, ƙwaƙwalwarsa na da hanyoyin sadarwa da suka yi yawa, sai an rage. Masu bincike na ganin garkuwar jiki na taimakawa wajen wannan ragin. Ka ɗauke ta kamar mai aski. Wasu sun gaji mai aski mai sauƙin hannu, wasu sun gaji mai ɗan nauyin hannu. Ana zaton in ya rage fiye da kima, hakan na iya ƙara haɗarin ciwon. Kai naka mai ɗan nauyin hannu ne."

"To ai kin ji! Ya aske ni."

"Ɗan kaɗan yake ƙarawa, Baba. Ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciwon nan sun kai ɗaruruwa, kowacce da ɗan abin da take sawa, ga kuma abubuwan da mutum ke gamuwa da su a rayuwa. Irin taka, in na fita zauren can na gwada mutane, zan same ta a jikin da yawa, har da masu tura keken marasa lafiya. Kuma ciwon ya fi zuwa a ƙuruciya. Shekararka nawa?"

"Hamsin da biyu."

"Ka makara," in ji Yaya. "Kullum sai ka makara."

Likitar ta danne dariya da bayan hannu.

"Ɗana fa, Likita?"

Ta daina murmushi, ta dube shi sosai. "Ba zan ce maka babu komai ba, tunda akwai ciwon a gida. Amma mafi yawan yaran da ke da baffa mai ciwon ba sa kamuwa. Ba gwajin da zai gaya maka gobensa. Abin da za ka yi masa shi ne ka riƙa hira da shi. In ka ga ya daina barci, ya guji mutane, ya canza, ka kawo shi da wuri, kar a tsaya ɓoyo. Zuwa da wuri na taimakawa ƙwarai."

Mai Sanarwa ya sauke numfashi. Ya nuna Yaya da baki. "Shi ke nan shi mai askinsa ƙwal ya yi masa."

Likitar ta dubi Yaya. "Baba, wannan kai ke da ikon faɗa, ba ni ba."

Yaya ya sa hannu a aljihun gaban riga, ya zaro wata takarda a ninke huɗu, fes da ita, ko lanƙwasa kunne ba ta yi ba. Ya miƙa wa ƙanensa. Tambari ɗaya, rubutu ɗaya, har da layin "kada ka" cikakke. Wuri ɗaya kawai suka bambanta. Ta Yaya cewa ta yi: ba ka ɗauke da wannan nau'i.

Mai Sanarwa ya karanta sau biyu. "Ba ka da ita?"

"Ba ni da ita."

"To ta ina ka samu ciwon?"

"Da gumina," in ji Yaya.

"Ta wasu hanyoyin da ba mu gama sani ba," in ji likitar. "Shi ya sa muke binciken."

Amma Mai Sanarwa ba ya jin ta. Yana jujjuya takardar yayansa. "Yaushe ta zo maka?"

"Ranar da taka ta zo."

"Wato tun safe ka san abin da ke bayan 'kada ka'? Kana kallona ina ta haukan banza, na tara wa kaina jama'a a tasha, an ƙwace mini almakashi, kai kuwa amsa na aljihunka? Me ya hana ka nuna mini?"

"Ba ka tambaye ni ba."

Likitar ta sunkuyar da kai, ta shiga rubuta wa Manaja takardar shaidar lafiya, ta buga hatimi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka fito. Suka zauna a bencin jiran bas da ke gaban asibitin. Yaya ya ɗan karkata gefe ɗaya saboda wurin allurar. Mai Sanarwa ya yi ta murza tabarau da gefen riga.

"Yaya, maganar da na yi a mota."

"Na ji ta."

"Ban yi nufin…"

"Ka yi nufi. Ba laifi. Ni ma na faɗa wa kaina haka, shekarun farko." Ya gyara zama. "Amma ɗakin bayan nan ba kabari ba ne, Auta. Akwai taga. Jiya na tayar da fankar da masu gyara uku suka ce ta mutu. Rufe ƙofar in an yi baƙi ne dai ba na so. Ina jin hirar, wani lokacin ma na san amsar abin da kuke gardama a kai."

Mai Sanarwa ya gyaɗa kai. Shekara talatin da biyu yana tambayar mutumin nan ko ya sha magani, ko ya ci abinci, ko ya yi barci. Ya laluba cikin kansa ko akwai wata tambaya ta huɗu da ya taɓa yi masa, bai samu ba.

"Har yanzu kana jin muryoyin?" ya ce, da muryarsa ta kullum, ba mai laushin nan ba.

Yaya ya juyo ya dube shi na ɗan lokaci, kamar mai son tabbatar da wanda ya yi maganar.

"Biyu suka rage. Da can sun fi goma, kamar kasuwa. Magani ya kori sauran. Waɗannan biyun ma sun tsufa, ba su da ƙarfin da."

"Me suke cewa?"

"Ɗaya namiji ne, ba abin da na taɓa yi da ya yi masa daidai. Ɗayar mace ce, ita faɗin abin da nake yi kawai take yi. Ya ɗauki cokali. Ya ajiye cokali."

"Yau fa?"

"Yau ba su samu fili ba. Kai ka cika wurin."

Dariya ta ƙwace wa Mai Sanarwa, har sai da ya share ido. Yaya ma ya ɗan murmusa.

"Ranar farko ban san ciwo ba ne," ya ci gaba. "Ina ɗakin karatu, ana saura kwana biyu jarrabawa. Na ji an kira sunana daga bayan kantar littattafai. Na tashi na zagaya."

Bas ta tsaya a gabansu, ƙofa ta buɗe. Mutanen da ke bencin suka tashi suka shiga. Yaya ya dafa gwiwa zai miƙe.

"Tamu ce, Auta."

Mai Sanarwa ya riƙo hannun rigarsa.

"Wata za ta zo," ya ce. "Da ka zagaya, sai me?"